Maganin sukari na TikTok: in saya wa Mama?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Mahaifiyata na fama da ciwon sukari, tana shan metformin. Na ga wani a TikTok yana tallan ruwan magani na gargajiya, wai wata uku ciwon ya rabu da mutum, har lambar rajistar hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, yake nunawa. Masu sharhi sai yabo suke. In saya mata?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Allah Ya ba Hajiya lafiya. Ki riƙe kuɗinki.

Ki sake kallon lambar. In ta ƙare da harafin L, maganin gargajiya ne da NAFDAC ta sa a jerinta bayan ta duba ko yana cutarwa, amma ba ta shaida cewa yana warkarwa ba. Shi ya sa a jikin kwalbar za ki ga ƙaramin rubutu yana cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Mai tallan ba zai karanta miki wannan layin ba. Yabon masu sharhi kuwa, ai wanda ya sha ya kwanta asibiti ba ya dawowa ya rubuta.

Abin da nake tsoro shi ne Hajiya ta ji daɗin jikinta ta ajiye metformin. Sukari lallaɓa shi ake yi, in aka sake shi yakan hau shiru ya taɓa ƙoda, ido da ƙafa. Kar ki manta 2014, lokacin Ebola, da saƙon waya ya zagaye ƙasar nan cewa a sha ruwan gishiri a yi wanka da shi. Har rayuka aka rasa.

Ban ce ki guji waya ba. Ki tambayi asibitin da take zuwa ko suna da lambar WhatsApp ta tuna wa majinyata ranar ganin likita. Wanda duk ya ce shi likita ne a intanet, ki nemi rajistarsa da MDCN, hukumar da ke yi wa likitoci rajista a Najeriya. Na gaskiya zai fara tambayarki sakamakon gwaji kafin ya ambaci magani.

In kina son yi mata sayayya, saya mata na'urar auna sukari ta gida. Kafin ki biya, tambayi farashin tsinken gwajinta, wato wanda ake ɗiga jini a kai, da ko ana samunsa a kemis ɗin unguwarku, don tsinken ne ke cin kuɗi.