Tambaya da Amsa: Kwantenar Docker a Kan Uwar Kwamfuta

Tambaya daga wani ɗalibin ilimin kwamfuta a Ngaundare: Malam, an koya mana cewa manhajar da aka sa a kwantena tana tashi a ko'ina. Na haɗa tawa da Docker, manhajar haɗa kwantena, a laftof ɗina, tana aiki lafiya lau. Da na kai ta wata na'urar gwaji ta IBM ta intanet sai ta ƙi tashi, ta rubuto "exec format error". Ina matsalar take?

Amsa: Ɗan'uwa, kwantenarka lafiyarta ƙalau, maganar da aka koya muku ce ba a ƙarasa ta ba. Kana ganin kwantenonin da jirgin ƙasa ke kawowa daga Duwala, a sauke su a tashar Ngaundare, a ɗora wa tirela ta wuce da su Njamena, ba ruwan motar da abin da ke ciki. Kwantenar manhaja ba ta kai nan ba. Tana ɗauke da manhajarka da duk tarkacen da take buƙata, amma zuciyar Linux, wato ɓangaren da ke sarrafa na'urar kai tsaye, aro take yi a wurin na'urar da ta sauka, kuma umarnin da ke cikinta an riga an juya shi zuwa yaren furosesa iri ɗaya tak. Laftof ɗinka yana jin yaren amd64 na Intel da AMD. Uwar kwamfuta, wadda masu sana'ar ke kira menfirem, irin IBM z16 da ta fito a 2022 ko danginta LinuxONE, yarenta s390x ne. Saƙon da ka gani ma'anarsa na'urar ta buɗe fayil ɗin ta tarar da yaren da ba ta ji.

Ka fara da tabbatarwa. A kan na'urar gwajin rubuta uname -m, za ka ga s390x. Sannan ka duba ginshiƙin da ka ɗora ginin a kai, wato sunan da ke layin FROM na Dockerfile ɗinka, fayil ɗin da ke ɗauke da matakan gina kwantenar, da umarnin docker manifest inspect da sunan ginshiƙin. Idan s390x ba ya cikin jerin, canza ginshiƙi tun kafin ka ɓata data. Ubuntu da Debian da Alpine da UBI na Red Hat duk suna da bugun s390x.

Ba sai kana da uwar kwamfuta za ka gina mata ba. A Ubuntu ka girka qemu-user-static da binfmt-support, su ne za su sa laftof ɗinka ya kwaikwayi furosesar IBM. Gwada da docker run --rm --platform linux/s390x alpine uname -m. Alpine 'yar ƙarama ce, megabayit kaɗan, ba za ta cinye maka kati ba. In ya amsa s390x, sai docker buildx create --use, sannan docker buildx build --platform linux/amd64,linux/s390x tare da -t da sunan da ka ba ƙunshin kwantenarka da --push. Abin da zai hau rumbun ajiya suna ɗaya ne mai bugu biyu, kowace na'ura ta ja nata.

Inda aikin ke cijewa ya danganta da yaren da ka yi rubutu da shi. Go ya fi sauƙi, ka sa GOARCH=s390x ya fitar da fayil ɗin ba tare da kwaikwayo ba. Java ma ba ta da rigima muddin ginshiƙin na s390x ne, sai fa idan wani laburaren ya ɓoye guntun C da aka juya wa Intel. Python ce mai wahalarwa: laburare da yawa ba su da shiryayyen bugun s390x, don haka pip, mai girka laburaren Python, zai tsaya harhaɗa su daga tushe, ya nemi gcc mai juya C, kuma a ƙarƙashin kwaikwayo aikin 'yan mintoci yakan ɗauki sa'o'i. Ka yi shi lokacin da kake da tabbacin wuta ko cikakken batir. Ka kuma bi Dockerfile ɗinka layi-layi, domin sau da yawa akwai adireshin saukar da wani kayan aiki da aka rubuta amd64 a jikinsa. Maye gurbinsa da TARGETARCH, wanda buildx ke cikawa da kansa.

Tambaya daga wata ma'aikaciyar sashen kwamfuta a Njamena: Kwantenarmu ta tashi, amma alƙaluman kuɗi da take karantowa daga fayil sun birkice, sunayen mutane kuma sun koma wasu alamomi marasa kan gado.

Amsa: Malama, wannan ta fi ta ɗalibinmu haɗari, domin kwantenar da ta ƙi tashi kowa ya gani, wadda ta tashi tana lissafin ƙarya kuwa sai ɓarna ta yi nisa a farga. Abu biyu ne suka haɗu miki.

Na farko jerin bayit, wato yadda ake jera ƙananan gutsattsarin da ake ajiye lamba a cikinsu. Furosesar IBM tana fara ajiye babban ɓangaren lamba, ta Intel tana fara ajiye ƙarami. Sefa 500 a bayit biyu, a wurin IBM 01 F4 ne, a wurin Intel F4 01. Idan laftof ya rubuta fayil ɗin, manhajar da ke kan s390x ta karanta shi kai tsaye ba juyi, 500 ta zama 62,465. A bayit huɗu, 1 takan zama 16,777,216. Maganin shi ne kada a zuba lamba daga ma'adanar aiki zuwa fayil yadda take. A faɗi jerin a fili: htonl da ntohl a C, alamar > ko < a struct na Python, ko a koma tsarin rubutu irin JSON da CSV.

Na biyu haruffa. Linux da ke cikin kwantena tana aiki da UTF-8, amma z/OS, babbar manhajar da ke tafiyar da uwar kwamfuta, da tsofaffin shirye-shiryen yaren COBOL suna ajiya da tsarin haruffa na EBCDIC, inda harafin A yake lamba 193 maimakon 65. EBCDIC ɗin ma kala-kala ne: akwai 037 da 1047, akwai 297 na Faransa. In an juya da wanda ba shi ba, baƙaƙen da aka saba za su fito daidai, amma é da è da @ za su lalace, kuma sunayenmu na takarda a Chadi da Kamaru cike suke da irin waɗannan. Ki tambayi masu kula da z/OS lambar da suke amfani da ita, ki ba iconv ita, wato manhajar juya haruffa daga wani tsari zuwa wani. Kada ki juya fayil ɗin gaba ɗaya idan akwai gurbin kuɗi na COMP-3, wato lambobin da COBOL ke cusawa a matse, a ciki, domin wannan ba rubutu ba ne, iconv zai dagula shi. Gurbi-gurbi ake juyawa bisa tsarin da shirin COBOL ya shimfiɗa. Abin da ke damuna a nan shi ne ɗ da ƙ da ɓ ba su da mazauni a waɗannan jadawalai ko kaɗan, sai an ajiye sunan a gurbin Unicode na Db2, rumbun bayanai na IBM.

Tambaya daga Marwa: To kwantenar a ina take zama, cikin z/OS ko gefe?

Amsa: Duka biyun ana yi. Ana yanka na'urar gida-gida, kowane yanki ana ce masa LPAR, a sa Linux a ɗaya kai tsaye ko ƙarƙashin z/VM ko KVM, masu raba yanki zuwa na'urorin kwaikwayo da yawa, a kan furosesocin IFL da aka keɓe wa Linux. Nan Docker da sauran manhajojin kwantena irin Podman da OpenShift suke aiki kamar a kowace saba, wato kwamfutar da ke yi wa wasu hidima. Hanya ta biyu zCX ce, hanyar tafiyar da kwantenar Linux cikin z/OS, wadda ta zo da z/OS 2.4 a 2019, tana buƙatar z14 ko sabuwa. Ita tana zaune cikin z/OS, ana kafa ta ta z/OSMF, shafin sarrafa z/OS, aikinta yana iya hawa keɓaɓɓun furosesocin zIIP, abin da ke rage kuɗin lasisi. Sharaɗinta ba za a ba ka ikon taɓa Linux da ke ƙasa ba, don haka kwantenar da ke neman --privileged ba za ta tashi ba. Kuma kada a ɗauka za a kwashi shirin CICS, wato mai gudanar da hada-hada a z/OS, a jefa cikin kwantenar Linux. Yana nan inda yake, kwantenar ce ke zama kusa da shi tana yi masa magana ta hanyoyin aika saƙo irin MQ ko z/OS Connect, ko ta shiga Db2 ta JDBC, ƙofar Java ta shiga rumbun bayanai.

Tambaya daga wani mai kamfanin tura kuɗi a Garwa: Mu sayi irin wannan uwar kwamfuta?

Amsa: A'a, Alhaji. An yi ta ne don manyan bankuna da kamfanonin inshora da na jiragen sama, tana son wutar da ba ta yankewa, ɗaki mai sanyi dare da rana, da ƙwararrun da za su zauna mata. Saba biyu na amd64, na'urar riƙe wuta, da kwafin bayanai da ake kai wa wani gini kowace rana sun ishe ka. Yaran da ke rubuta maka manhaja dai ka sa su riƙa gwada ta da --platform linux/s390x, domin gwajin kyauta ne kuma yana tono kurakuran jerin bayit tun suna kan laftof.