Amsa ga mai son sanya wa 'yarta suna Kyauta

'Yar'uwa, barka da sauka lafiya, Allah ya raya. Kin ce kina son Kyauta, amma kina tsoron yara su riƙa tsokanarta da "kyauta ce, ba kuɗi". Tsokana kam za a yi, ba zan ɓoye miki ba. Sai dai kunne yana sabawa. Wa ke tuna yunwa in an kira Azumi? Rahama da Ni'ima ma kullum muna faɗarsu cikin magana.

Kyauta suna ne da akan ba 'yar da aka daɗe ana jira, shi ya sa nake ƙaunarsa. Ni dai shawarata, ranar bakwai a raɗa mata sunan yanka, Maryam ko Hauwa'u, Kyauta ya zama na gida. In ta girma ta zaɓi wanda za ta amsa.