Amsa ga 'yar'uwar da aka ce a yi wa maigidanta tiyata alhali "ba sankara ba ce"

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba maigida lafiya. Kin ce likita a Garwa ya ga tsiro a cikin bututun maɗaciyarsa, ya ce ba sankara ba ce tukuna, amma ya tura ku Yawunde a yanke, dangi kuma suna cewa don me za a farke cikin mutum a kan abin da bai zama komai ba. Wannan gardamar ta cinye mana wata huɗu a kan Yayata. Ki riƙe kalmar nan da likita ya faɗa: tukuna.

Ita Yaya da shawara ta fara. Ido ya yi ɗorawa, fitsari kamar baƙin shayi, ga ƙaiƙayin da sai ta sa totuwar masara tana gurzar ƙafa har jini. Bayan kwana goma sai ido ya washe, mu ce jiƙon da Inna ta haɗa ya yi aiki. Ashe tsiron ne ke zubar da wani ruwa mai yauƙi kamar miyar kuɓewa, ya toshe bututun da ke kai ruwan maɗaciya daga hanta zuwa hanji, in ya zame hanya ta buɗe. Sau uku ana ba ta maganin maleriya a wani ƙaramin asibiti saboda zazzaɓi da rawar sanyi, babu wanda ya ce a ɗauki hoto.

Irin nata shi likitoci ke kira IPNB, yana tsirowa cikin bututun, ana ganinsa a hoto. Da alama na maigidanki ma shi ne, amma ki tambaya. Akwai wani kuma, BilIN, wanda ke kwance a fatar bututun, na'urorin ɗaukar hoton ciki irin su ekogarafi ko sikana ba sa nuna shi, sai an yanko nama an duba a madubin ɗakin gwaji. Dukansu mataki biyu ake rubuta musu, a takardarmu ta Faransanci za ki ga "bas grade" (ƙaramin mataki) ko "haut grade" (babban mataki), na biyun shi ne ya fi kusa da rikiɗewa ya zama sankara.

Abin da ya kashe bakin kawunnanmu shi ne bayanin likitan tiyata: ɗan naman da ake tsinkowa a gwada bai kai ƙwayar gero biyu ba, yana iya fitowa lafiya alhali sankara ta fara a wani lungu na tsiron. Sai an cire shi duka ake sanin gaskiya. An cire wa Yaya ɓangaren hagu na hanta, sakamako ya nuna "haut grade", bai kai ga cin jikin bututun ba. Hanta tana sake tofowa, kada wannan ya tsorata ki. Har yau dai tana komawa hoto, don yakan sake fitowa a wani wurin.

Za su yi wa maigidanki gwajin jini mai suna CA 19-9, wanda ake neman alamar sankara da shi. Toshewa kaɗai tana ɗaga shi, kada lambar ta hana ki barci. Ki sa a duba masa ciwon hanta nau'in B, da tsakuwa a bututun, don daɗaɗɗen kumburi ne ke share wa abin hanya. Masu ce miki kifi ne ya jawo, labarin ƙasashen Tailan da Lawos suka ji, inda ake cin ɗanyen kifi mai tsutsar hanta. Soyayyen kifin tafkin Lagdo ba ruwansa.

In za ku hau jirgin ƙasa daga Ngawundere, ku tafi da faifan hoton kansa, ba takardar sakamako kaɗai ba, mu sai da aka sake mana sabo da kuɗinmu. Kafin ranar kuma, in zazzaɓi da rawar sanyi suka haɗu da ɗorawar ido, a kai shi asibiti a daren, kada a jira asuba.