Bayan tiyatar daji: me za a saya, me za a haƙura da shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mako biyu ke nan da aka sallamo ni bayan an cire mini mama na dama saboda sankara, aka kuma kwashe kaluluwar hammatata. Yarana uku, autan shekararsa biyu, da ya hango ni sai ya miƙo hannu in ɗauke shi. Maigidana ya ware wasu kuɗi yana so ya saya mini kujerar nan mai kwanciya da lantarki, ni kuma hankalina ya fi karkata ga ɗaukar mai taimaka mini da aikin gida na wata biyu. Kuɗin ba za su ɗauki duka biyun ba.

Amsa: Wa alaikis salam 'yar'uwa, Allah ya ƙara afuwa. A ɗauki mai taimako. Maigida ya yi niyya mai kyau, a yi masa godiya, amma aikin kujerar nan filo uku a bayanki da ɗaya a ƙarƙashin hannun dama za su yi miki shi. Wanki da shara da ciro yaro daga bahon wanka kuwa sai mutum.

Likitocin tiyata sukan hana ɗaukar abin da ya haura kilo 4 zuwa 5 har tsawon mako 4 zuwa 6, yaro ɗan shekara biyu kuma yakan kai kilo 12. Ki zauna a gado ko kujera, ki tare gefen ɗinkin da ƙaramin filo, ki bar shi ya hau cinyarki da kansa ta ɓangaren hagu. Zai yi rigima da farko, amma abin da yake nema jikinki ne, kuma ya samu. Ki faɗa masa da harshen da zai gane: nan wajen yana ciwo, nan kuma a taɓa. Manyan biyun su ma a gaya musu gaskiya daidai shekarunsu, don yaro idan aka rufe masa magana, abin da zai saƙa a ransa ya fi gaskiyar muni.

Gyara ɗaya zan yi wa shirinki. Kafin ki yi alƙawari da kowa, ki tambayi likitanki ko akwai kemoterafi (kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin daji) ko gashin wurin da na'urar haske a gaba. Idan akwai, yawanci cikin 'yan makonni bayan tiyata ake farawa, kuma gajiyarsa tana iya fin ta yanzu. Maimakon mai aiki yini guda na wata biyu, ki nemi wadda za ta zo awa biyu ko uku a lokacin da gidan ya fi rikicewa, wato safiyar shirin makaranta ko yammacin wanka da girki, kuɗin su ja ki wata huɗu ko biyar. 'Yan dubiya kuma idan suka ce “in akwai abin da kike buƙata ki faɗa”, kada kunya ta sa ki ce babu. Ki ce ranar Talata a ɗauko mini yara. Yawancinsu da gaske suke, hanyar taimakon ce ba su sani ba.

Ƙananan abubuwan da suka cancanci kuɗinki: riguna biyu ko uku masu maɓalli a gaba, tunda ɗaga hannu sama yana da wuya yanzu, da rigar mama mai laushi marar ƙarfe. Idan har yanzu robar da ke zuƙe ruwan ciwon tana jikinki, ki maƙala ta a cikin riga da fil don kada yaro ya fizga, kuma ki riƙa rubuta yawan ruwan kullum, da shi ake duba lokacin cirewa. Maman roba na silikon ki jinkirta shi zuwa mako 6 ko 8, sai ciwon ya warke kumburi ya saɓe, in ba haka ba za ki sayi wanda ba zai zauna ba.

Safar hannu mai matsewa da ake tallatawa a intanet don hana kumburi, kada ki saya da ka. Gaskiya ne kusan mace ɗaya cikin biyar da aka kwashe wa kaluluwar hammata tana samun kumburin hannu, wani lokaci bayan watanni ko shekaru, amma safar auna ta ake yi, wadda ba ta dace ba tana iya ƙara matsalar. Ki ci gaba da motsa kafaɗa yadda aka koya miki a asibiti. Ranar da kika ga zobe ko agogo ya fara matse ki, ko hannun ya yi miki nauyi, ki koma a duba.

Tambaya: An yanke mini wani sashe na babban hanji, kuma an ce zan fara kemo. Abokaina sun haɗa mini jerin ƙwayoyin bitamin da wani garin “wanke jini” masu tsada. Na kuma ga bel ɗin ɗaure ciki. In saya?

Amsa: Malam, Allah ya ba da lafiya. Ka riƙe kuɗinka. Mutane suna ɗauka bitamin in bai yi amfani ba, ba zai cutar ba, alhali an taɓa gwadawa aka ga akasin haka. A 1994 aka fitar da sakamakon wani babban bincike a Finland kan maza masu shan taba fiye da 29,000: waɗanda aka bai wa ƙwayar beta-carotene, sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, ciwon dajin huhu ya ƙaru a cikinsu da kashi 18 cikin 100. Akwai kuma tsiron St John's wort da ake sayarwa don kwantar da hankali, wanda ke rage ƙarfin irinotecan a jini, kuma irinotecan na cikin magungunan da ake ba masu dajin hanji. Jini kuwa hanta da ƙoda ne ke tace shi, garin da ba a san abin da ke cikinsa ba ƙarin aiki ne a kansu daidai lokacin da kemo zai buƙace su. Duk abin da aka riga aka kawo maka, ka zuba a jaka ka kai wa likitan daji ya gani da idonsa. Idan gwaji ya nuna ƙarancin jini ko na wani sinadari, shi zai rubuta maka.

Bel ɗin ciki wasu suna jin sauƙin tari da tafiya da shi, don haka in likitan tiyata ya yarda ka sayi mai araha. Kada dai ka ɗauka ya ba ka izinin cicciɓar kaya, naman cikin da aka ɗinke yana iya buɗewa ta ciki hanji ya turo. Idan an yi maka ƙofar bahaya a ciki, tilas nas ɗin da ke kula da ita ta zaɓa maka.

Tambaya: Matata ta warke a ido bayan tiyatar daji, amma gajiya ta hana ta sakat. In saya mata injin tafiya na cikin gida? Kuma yaushe za ta koma tuƙi, don ita ke kai yara makaranta?

Amsa: Tunanin motsa jikin daidai ne, ɗan'uwa. Tun shekarun 1990 likitan tiyata na Denmark, Henrik Kehlet, ya nuna cewa tayar da majinyaci da wuri yana gaggauta murmurewa. A 2025 kuma wani bincike kan masu dajin hanji 889 da suka gama kemo ya gano cewa waɗanda aka ɗora kan tsarin motsa jiki na shekara uku, haɗarin dawowar cutar ko ɓullar sabuwa ko mutuwa ya ragu musu da kashi 28 cikin 100, kuma da yawansu tafiya da sauri kawai suka yi. To amma injin ba dole ba ne. Takalmi mai daɗin sawa, minti biyar zuwa goma a tsakar gida ko bakin layi, ana ƙarawa sannu sannu, kai kuma ka riƙe yaran a lokacin ko ka raka ta. Ka kuma sa a duba jininta, don gajiyar tana iya zama ta ƙarancin jini ce.

Tuƙi sai ta daina shan magungunan ciwo masu sa barci, tana iya waiwayawa, tana iya taka birki da ƙarfi ba tare da ta dafe ciwon ba, kuma likita ya amince. Ta gwada a mota a tsaye tukuna, da ƙaramin filo tsakanin bel ɗin mota da ɗinkin. Kafin nan ka shirya da wani maƙwabci ko ɗan'uwa kan kai yaran.

Ma'aunin zafin jiki kuwa ka saya yau in babu a gidan. Zazzaɓin da ya kai digiri 38, ciwon da ya yi ja yana zubar da mugunya, ƙafa ɗaya da ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya riƙa yi mata wuya farat ɗaya, duk ba a kwana da su a gida. Biyun ƙarshe suna iya zama alamar daskarewar jini a jijiya, wadda daji da tiyata ke ƙara haɗarinta. Lambar wayar sashen da ya yi mata aikin ta kasance a wayarka da tata.