Karas ɗin katako ma baki zai je

Ɗana, saƙonka ya same ni jiya bayan isha'i, ban samu zama ba sai yanzu. Ka ce abu biyu sun ɗaure maka kai a aikin kayan girkin wasa da makarantar rainon nan ta ba mu. Na farko, me ya sa na hana ka taɓa ragowar fentin man da muka yi wa ƙyamaren shagon nan, alhali ga ja ga rawaya, daidai launin tumatir da mangwaro. Na biyu, me ya sa na soke dabino da gyaɗa da wake daga jerin da shugabar makarantar ta rubuto, bayan ita da bakinta ta ce abinci mai gina jiki take so yara su saba gani. Ka yi daidai da ka tambaya kafin ka buɗe gwangwanin.

Shekarun baya, kafin ka zo wurina, na sassaƙa wa jikata ƙwai guda shida da ayaba biyu daga guntayen katako. Na goge su, na shafa musu fentin da ke kusa da hannuna, suka fito gwanin sha'awa. Bayan kamar wata guda na je gidan, na tsinci ayaba ɗaya a ƙarƙashin kujera. Na ɗaga ta a haske. Kan ayabar ya koma farin katako, ga sawun haƙora huɗu a jere, biyu sama biyu ƙasa, fentin wurin kuma babu shi. Na duba tabarma, na duba ƙasa, ban ga ɓawonsa ba. Ka san inda ya tafi. Ranar na kwashe su duka na jefa a murhu, kuma tun daga lokacin duk abin da zan sassaƙa mai kama da abinci, lissafin da nake yi shi ne za a tsotse shi, a gatsa shi, a yi ƙoƙarin haɗiye shi. Kujera zama ake yi a kanta. Amma ka ba ɗan shekara biyu abu ja mai sheƙi ka ce masa tumatir ne, kai da kanka ka gaya masa inda zai kai shi.

Abin tsoro a fentin mai shi ne dalma. Masana'antu sun daɗe suna zuba ta don launi ya fito da ƙarfi ya kuma bushe da wuri, kuma inda ta fi yawa shi ne rawaya da ja da ruwan lemo, wato launukan da muke nema a wannan aikin. Ba kowane gwangwani ke da ita ba, amma ni da kai ba mu da na'urar ganewa, ido da hanci kuma ba sa nuna ta. Ba ta sa yaro amai nan take balle uwa ta farga. Taruwa take yi a jiki, ta taɓa ƙwaƙwalwa, kuma ɓarnar da ta yi ba ta gyaruwa. Mu nan arewa ba labari muka ji ba. A 2010 gubar dalma ta kashe yara kusan 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara. Can daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta fito, amma dalmar ita ce dai. A 2007 kuma kamfanin Mattel, duk girmansa a harkar kayan wasa, sai da ya janye ɗimbin kayan da aka ƙera masa a Sin saboda dalma a fentinsu. Bayan haka ne Amurka ta rage iyakar da ta yarda da ita a fentin kayan yara zuwa kashi 90 cikin miliyan, daga 2009. In mai ɗakin gwaji ya yi tuntuɓe, ina ga kafinta da ragowar gwangwanin da rubutun jikinsa ma ya goge?

To da me za mu rina? Kalar abinci, irin wadda masu cincin da kek ke saye. Ka dama ta da ruwa kaɗan, ka shafa da tsumma, katako ya sha ta, a bar shi ya kwana. Kurkum yana ba da rawaya mai kyau, zoɓo yana ba da ja mai duhu, sai dai na zoɓo yakan koɗe ya koma toka-toka, kada ka yi wa kowa alkawari a kansa. Launin ba zai kai na fenti haske ba, na sani, kuma shugabar makarantar za ta iya cewa bai yi kama da hoton da ta nuna mana a waya ba. Ni zan yi mata bayani. In ya bushe, ka narka kakin zuma da man kwakwa, kaki kashi ɗaya mai kashi uku ko huɗu, ka murza da tsumma har ya daina maiƙo. Kada ka sa man gyaɗa. Yana yin ɗoyi in ya daɗe a jikin katako, yana kiran kiyashi, akwai kuma yaran da jikinsu ba ya ɗaukar gyaɗa ko kaɗan. Ƙarshe ka jiƙa farin ƙyalle ka goga da ƙarfi. In ya ɗauko launi sosai, aikin bai gama ba.

Katakon ma haka. Malaina za mu yi da shi, busasshe, wanda na jingine a bayan shago tun bara. Ba shi da nauyi, fari ne yana karɓar launi, in yaro ya jefi ɗan'uwansa da shi abin ba zai kai asibiti ba. Ƙirya ta turmi ce da taɓarya, ka sassaƙa kabewa da ita ka ba yaro dutse. Kada ka ɗauko ko guntu ɗaya daga tarin da muka shafa wa maganin gara ko baƙin mai. Falawud da katakon nan na garin itace da aka matse da gam su ma a'a, da sun sha yawu sai su kumbura su fara marmashewa. Ɗanyen itace kuwa zai yaudare ka yanzu, hunturu na shigowa ya tsage, tsagar kuma ita ce mafakar datti da sartse.

Sai maganar dabino. Gaskiyarka, dabino da gyaɗa da wake abinci ne na ƙwarai. Girmansu ne matsalar. Masu gwada kayan wasa a Amurka da Turai suna da wani ɗan bututu mai faɗin milimita 31.7, inci ɗaya da kwata ke nan, an yi shi ne a kan kimanin maƙogwaron yaron da bai kai shekara 3 ba. Duk abin da ya shige ciki gaba ɗayansa, ba a yarda a sayar wa ƙananan yara ba. Abu mai siffar ƙwallo kuwa ma'auninsa ya fi haka, milimita 44.5, domin mulmulalle ya fi saurin zamewa ya toshe hanyar numfashi ruf. Dabinon gaske in ya shiga baki yana laushi, ana tauna shi, uwa kuma takan cire ƙwallon kafin ta bayar. Na katako ba ya laushi. In kuma ka ce za ka sassaƙa dabino mai girman mangwaro don ya tsallake ma'auni, yaro ba zai gane shi ba, ka yi aikin banza. Shi ya sa na soke su, har da aya da magarya da goro in ma an tambaye ka.

Ga abin da za ka yi kafin ka yanka komai. Ka samu guntun allo, ka huda rami biyu, ɗaya milimita 32 ɗaya 45, ka rataye shi a ƙusar da ke saman teburinka. Dogaye irin su karas da kuɓewa da ayaba ka yi su da kauri yadda ba za su bi ƙaramin ramin ba. Mulmulallu, tumatir da ƙwai da lemo da yalo da albasa, kada su bi babban. Ni nakan wuce ma'aunin ma, in kai su santimita 5 zuwa 6, don hankalina ya kwanta. Kuma ka tuna ba abin da ka miƙa kaɗai ake aunawa ba, har da abin da zai ɓalle daga jikinsa. Hancin tumatir, kunnen tattasai, wutsiyar albasa, duk ka zana su da launi, kada ka liƙa su da gam, kada ka kafa su da ƙusa. Ayaba ta fi kowanne wayo: lanƙwasarta tana sa ka yanke jijiyar itace a gicciye, nan take karyewa. Ka rage lanƙwasar, ka bar bakinta da kauri. Kowane guda in ka gama, ka sake shi daga saman tebur ya faɗi kan siminti sau biyar. Gara ya fashe a gabanka.

Na ga hoton da ka turo na kankanar da ake rabawa biyu da wuƙar wasa, tana komawa ta manne. Wasunsu maganaɗisu ne a ciki. Kada ka fara. In ɗaya ya fita yaro ya haɗiye, sannan ya ƙara na biyu, sukan jawo juna ta bangon hanji su huda shi, sai tiyata. Mu yanka kankanar za mu yi tun asali, yanki-yanki, ja da koren baki, 'ya'yan a zane.

Sanfefa kuwa a nan kuɗinmu yake, kuma a nan yara irinku kuke gajiya. Lamba 80, sai 120, sai 220, ba tsallake. Bayan ta ƙarshe ka shafa ruwa kaɗan, gashin itacen zai miƙe, ya bushe ka sake bi. Kada ka gwada da tafin hannunka, ya riga ya yi kanta. Ka goga a kumatunka ko bayan hannu.

Game da sauran jerin kayan, ban musa wa shugabar makarantar ba, sai dai na ƙara nawa. Abin da ke cikin kwalayen da ake shigowa da su yawanci fiza ne da askirim da wasu 'ya'yan itacen da yaranmu ba su taɓa gani a faifan mai talla ba. Ni ban yarda karas ɗin katako zai sa yaro ya so karas ba, wannan aikin tukunyar gidansu ne. Amma ka tsaya ka kalli 'yan mata suna tuwon ƙasa a gwangwanin tumatir: abin da suka ga uwa tana yi shi suke maimaitawa, har tsawar da take yi wa mai leƙa tukunya. Ka ba su kabewa da kuɓewa da kifi da dankali da masara, ga 'yar muciya ga koshiya ga ƙaramin akushi, wasan zai tafi da kansa, malama kuma ta samu abin nunawa in tana koya musu sunaye da launi da ƙirga. Ganye ne kawai katako ba ya iyawa. Zogale da alayyafo da malmalar tuwo telan da ke kusa da mu zai ɗinka da yadi ya cusa auduga, ka jaddada masa ban da maɓalli ban da duwatsun ado, ɗinki kuma biyu-biyu. Wake da na soke, in tana so, ya ɗinka mata ɗan buhu a rufe ruf da auduga a ciki, a zana waken a jiki.

Ka fara da tumatir uku da karas biyu kawai, ka kai su har matakin kaki, ka ajiye mini a kan tebur tare da allon ramukan. Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan dawo in duba kafin ka taɓa sauran katakon. Gwangwanayen fentin kuma ka mayar da su saman kanta, ka danne murfin da kyau.