Amsar Baffa a kan motar da ke shaƙewa a kan hawa

Ɗana, saƙonka ya iso. Na sa ƙanwarka ta karanta mini sau biyu, don idona ya daina jure ƙananan rubutun waya. Ka ce Hilux ɗin da maigidanka ya danƙa maka garau take in babu kaya, amma da ka ɗora mata masara daga Saminaka ka nufi Jos, kana wuce Jengre hanya ta fara hawa sai ta kama fizga, ka taka totur har ƙasa ba ta amsa. Sannan ka tambaye ni, cikin tsokana irin taka, ko abubuwan nan da ka taso ka ga muna yi, tace gas da ƙyalle, cika tanki da yamma, kwance ƙasan filta da sassafe, camfin tsofaffin direbobi ne kawai.

To, ba camfi ba ne, kuma ina kyautata zaton ciwon motarka yana cikin ɗayansu.

Injin gas a tsaye ɗan mai kaɗan yake sha. Ko filta ta toshe rabi, abin da ke wucewa ya ishe shi ya yi ta ƙara mai daɗi a gareji, bakanike ya kasa kunne ya ce lafiya lau. Sai an yi lodi an hau tudu yake neman cikakken abincinsa, mai da iska, a nan ne duk wata ƙaramar matsala take fito da kai. Jos kuwa tana saman ƙasa kimanin mita 1,200, iskar can ba ta da kauri kamar ta gida, inji yana ƙara wahala. Don haka duk wanda ya gwada maka motar ba kaya, bai gwada komai ba.

Ba ka faɗa mini hayaƙi ba, shi ne kuwa abin da zan fara tambaya da kana gabana. Gobe in ta fara, ka sa yaron motarka ya leƙa salansa. In baƙi ne wuluk, mai ya yi yawa iska ta yi kaɗan: ko filtar iska ta cika da ƙurar hunturu, ko nozul, bakin da ke fesa gas cikin inji, na ɗiga maimakon feshi, ko robar tobo, na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, ta tsage idan mai tobo ce, ko kuma kai ne ka yi mata kayan zalunci. In fari ne mai yaji a ido, gas ne bai ƙone ba. Shuɗi kuma baƙin mai take ci, wannan maganar ringin fistan ce, aiki babba. Amma in babu wani hayaƙin kirki, ƙarfi ne kawai ke yankewa yana dawowa, yunwa take ji, mai ba ya isa famfon da ke tura shi zuwa nozul.

A nan al'adunmu suka shigo. Tanki in ya kwana rabi, sanyin dare yakan sa gumi ya taru a jikinsa daga ciki, ya gangara ya kwanta a ƙasa, don ruwa ya fi gas nauyi. Shi ya sa muke cikawa da yamma. Abin da ya tsere kuma yakan taru a ƙoƙon da ke ƙarƙashin filta, shi ya sa ake murɗa ɗan murfin nan a zubar har sai gas tsantsa ya fara fitowa. Motarka ma tana da fitila a gaban direba da ke kamawa in ruwan ya taru, amma rabin motocin da na sani an yanke wayarta tun tuni. Tacewa da ƙyalle kuwa, mu da muka yi zamanin sayen mai a durom da jarka a bakin hanya mun san abin da ke saura a ƙyallen. Yashi, tsatsa, har ƙudan zuma na taɓa gani.

Bari in ba ka nawa. Shekarun baya ina jan wata a-kori-kura, ta kama yi mini irin taka. In na tsaya minti biyar sai ta tashi kamar ba ita ba, in na yi tafiyar kilomita kaɗan a kan hawa ta sake shaƙewa. Wani bakanike ya rantse famfo ne, ya kwance, na biya kuɗin da ya kai ribar tafiya uku, muka fita gwaji ta maimaita a daidai wurin da ta saba. Daga ƙarshe wani dattijo mai walda ya ce a sauke tanki. Guntun leda muka samu a ciki, wadda wani direba kafin ni ya toshe bakin tanki da ita lokacin da murfi ya ɓata. In inji ya ja mai da ƙarfi sai ta manne a bakin bututu, in an kashe ta saki. Tun daga ranar ban sake yarda a taɓa mini famfo ba sai an gama da duk abin da ke gabansa.

Kai ma haka za ka yi. Sa sabuwar filtar gas, ta kirki, ba mai arha da ake canza wa kwali ba. Danna ɗan famfon hannu da ke samanta: in ya ƙi yin tauri, tana shan iska a wani tiyo ko washa (zoben da ke toshe mahaɗa), in ya lotse ya ƙi tasowa, toshewa ce ta ɓangaren tanki. Da ta shaƙe, tsaya ka buɗe murfin tanki, in ka ji ya ja numfashi, ramin shaƙar iskarsa ne ya toshe. Gwajin da ya fi duka shi ne a ɗaura jarkar gas mai tsabta a ja tiyo kai tsaye, a hau tudun nan da kayan. In ta haye lafiya, ka wanke famfo da nozul daga zargi.

Ka dubo mini kuma wane inji ne a ciki. In tsohon 3L ko 5L ne, ana iya sassauta bututun nozul ɗaya bayan ɗaya yana aiki, wanda aka sassauta sautin bai canza ba shi ne marar lafiya. In kuwa irin na D-4D ne, 2KD ko 1KD, kada ka bari kowa ya yi wannan. Ƙarfin man da ke cikin bututunsa yana iya huda fatar mutum, kuma shi da kwamfuta ake duba shi.

Ba duk abin da tsofaffi suka yi zan kare ba. Masu zuba kalanzir a gas wai don mota ta yi gudu, kashe famfo suke yi, domin gas ɗin shi ne maiƙon da ke shafa cikinsa, kalanzir kuwa ba shi da wannan maiƙo. Amma sauka zuwa ƙaramar giya tun kafin tudu, da barin mai tobo ta ɗan huce kafin a kashe bayan doguwar tafiya, waɗannan ka riƙe.

Sai maganar da ka yi ta kewayewa: buhu nawa ka ɗora? Motar nan kayanta bai wuce kusan tan ɗaya ba, buhu 10 ke nan na kilo 100. Na san ku, 16 kuke jibgawa har da mai kayan a sama. Kuma kafin ka kashe ko sisi a gareji, ka sanar da maigidanka, haka aka gada a sana'ar nan, kada ya ji a bakin wani. Ka gaida mahaifiyarka, ka ce mata ina nan tafe ranar Juma'a in Allah ya yarda. Ka ajiye mini tsohuwar filtar, ina so in fasa ta in ga abin da ke ciki.