Kafin a Karɓi Mabuɗin Mota

Ɗana, saƙonka ya iso. Da na karanta sai da na yi murmushi, daga baya kuma jikina ya yi sanyi. Ka ce abokinka ya saya wa mahaifinsa mota, tsohon ya ƙi karɓar mabuɗi sai ya ji inda kuɗin suka fito, kana tambaya wai al'adarmu ce wannan ko kuwa abin da ake gani a fim ne. Ashe har an kai lokacin da za a ce dattijo ya koyi hali a fim. Abin da ya dame ni kuwa shi ne yadda ka ɗauki tambayar uba a matsayin cin fuska.

Tun da fim ka ambata, bari in ba ka labarin wani.

Ina saurayi ina yi wa maigidana aikin goro a nan Agege lokacin da kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da gwamnati ta yi, suka shigo hannun ma'aikata. A 1975 jiragen siminti suka cunkushe tashar Apapa, suka yi watanni a kan ruwa ba a sauke kaya ba. Ikko ta rikice da kuɗi. Wanda kuka ci garin rogo tare jiya, yau sai ya wuce ka a mota. Mu yaran kasuwa duk hankalinmu ya tashi, kowa na lissafin ta inda nasa zai ɓullo.

Cikin wannan yanayi muka shiga silimar Pen, wurin da yanzu gadar sama ta bi, muka kalli Deewaar na Amitabh Bachchan. Ba mai jin Indiyanci a cikinmu, sai dai akwai wani da ya sha kallonsa, yana bayanmu yana ba da labari, ana ta ce masa ya rufe baki. Vijay yaro ne mai goge takalma, uwarsa tana dakon bulo a wurin gini, ya girma ya zama ɗan dako a tashar jiragen ruwa ta Bombay. Kanmu muka gani. Da ya kulle ƙofar sito ya lakaɗa wa masu karɓar kuɗin 'yan dako duka, har kan kujeru muka hau. Da ya shiga fasa-ƙwauri ya sa kwat, muka tafa. Da ya sayi ginin nan da uwarsa ta yi wa dako, wani a gefena kuka ya fashe da shi don murna.

Sai uwar ta gane sana'ar ɗanta. Ta bar masa ƙaton gidan, ta bi ƙaninsa Ravi, ɗan sanda mai ɗan albashi. Ɗana, silima ta yi tsit, har ƙarar injin ana ji. Wani mahauci da ke gabana, mutum mai furfura, ya juyo ya dube mu ya ce, "To, ku tafa mana." Ba wanda ya ɗaga hannu. Haka muka zauna har ƙanin ya harbe wan, ya mutu a jikin uwarsa.

Washegari na kwashe labarin na gaya wa maigidana, Allah ya jiƙansa, yana zaune ya buɗe huhu yana zaɓen goro. Bai ɗago kai ba. Ya ɗauko wani fari tas, ya ɓare shi, ya nuna min baƙin rami a ciki. Ya ce sankara ba ta sallama, kuma goron da ta shiga daga waje ya fi kowanne kyau, shi ya sa ake buɗe huhu a duba tun bai kama sauran ba. Ya ƙara da abin da ya ce mahaifinsa kan faɗa, kwaɗayi mabuɗin wahala, in ba kwaɗayi ba wulaƙanci.

Abin da na daɗe ina juyawa shi ne, Vijay bai fara da son kuɗi ba. Wulaƙanci ya sha, yana so ya hutar da uwarsa. Niyya mai kyau ce ta buɗe ƙofa, sauran suka biyo baya. Haka Andy na Living in Bondage, fim ɗin Inyamuranci na 1992 da muka yi ta kallo a kaset: talauci ya ishe shi a nan Legas, aboki ya kai shi ƙungiyar asiri, ya ba da matarsa Merit, kuɗi suka zo, fatalwarta ta hana shi sakat. Duk wanda ya kalla a lokacin ya tashi da tsoro.

Na yanzu kuma, irin The Wolf of Wall Street na 2013 da na ji ku kuna yabo, mutumin ya damfari jama'a ya ƙare a kurkuku, amma ban taɓa jin ɗayanku ya ambaci kurkukun ba, sai jirgin ruwansa da agogonsa. Ban ɗora muku laifin ku kaɗai ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ne muke ba yaro kujerar gaba a wurin ɗaurin aure saboda liƙin da ya yi, ba wanda ya san shagonsa. Akwai iyayen da tambayarsu ɗaya ce yanzu, nawa ka kawo. A zamaninmu ko ƙyallen atamfa ka kai wa tsohuwa sai ta tambayi wane ciniki ka yi, kuma sai maigidanka ya shaida kafin ta kai wa tela.

An ce min an yi wa fim ɗin Andy ci gaba a 2019, Ramsey Nouah ya ba da umarni, wai labarin ɗansa ne. Ranar Juma'a in an sauko masallaci ka zo min da shi a kwamfutarka mu kalla tare. Ka gaida mahaifiyarka.